In gyara ta, ko in rufe aibinta in sayar?

Assalamu alaikum Yaya. Ina da mota ƙirar 2008, mai silinda huɗu, giya otomatik. Shekara shida ke nan tana hannuna, ta ci kilomita 230,000. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta. Wata uku da suka wuce ta fara zafi. Makanikena ya ce tamostat ne, ya cire ya yar. Ta yi sati biyu lafiya, ta koma. Aka canza fanka, aka wanke lagireto, duk a banza. Yanzu kullum da safe sai na ƙara ruwa, tana fitar da farin hayaƙi, wutar gargaɗin injin kuma ta ƙi mutuwa. Makaniken ya ce gaskit ɗin kan injin ne, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone, sai dai a sauke kai ko a sayi wani injin. Ni kuwa abin da na kashe ya ishe ni.

Wani abokina ya ce in zuba maganin toshe yoyo a lagireto, in sa baƙin mai mai kauri, a goge wutar da kwamfuta, in sayar da ita tun ba ta tona mini asiri ba. Akwai kuma dillalin da ya nuna mini wata ƙirar 2012 da aka shigo da ita daga Amurka, mil 78,000 kawai ta yi, sai ƙyalli take, sabon kafet, ga ƙamshi. Ya ce in ba da tawa in yi ciko, amma in ajiye kafin alƙalami kafin Juma'a don wani ma yana so. Ya ce ba sai na wahalar da kaina da kawo makanike ba. Sau biyu ina zuwa, duk ina tarar da ita a kunne. Shawarar abokina ba ta kwanta mini ba, amma ba ni da ƙarfin yin asara. Ka taimake ni da shawara.

Ƙaninka, mai iyali.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Na san nauyin da ke kan mai iyali idan abin hawansa ya fara ciwo, domin ba ƙarfe kaɗai ne ya tsaya ba, har da makarantar yara da wurin neman abinci.

Kafin komai, ajiye motar nan. Daga yau kada ka sake hawanta da sunan "bari in lallaɓa". Kan injin motoci irin taka da alminiyom ake yin sa, kuma alminiyom ba ya jure zafin da ya wuce kima, lanƙwashewa yake yi. Duk ranar da allurar zafi ta haura, kan yana ƙara karkacewa. Ruwan da ke kutsawa cikin silinda kuma yana wanke man da ke jikin bangonta, wani ya gangara ya gauraye da baƙin mai, boris ɗin ƙasan injin su fara cin junansu. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren shekarun baya. Allura ta hau ja, na ce saura 'yan kilomita in isa gida. Na isa, amma gyaran da zai tsaya a tiyo guda ɗaya sai da ya kai ga sauke kan injin. Har yau ina jin ciwon abin. In ta sake yin zafi a gabanka, kada ka buɗe murfin lagireto sai ta huce sarai, don ruwan da ke ciki yana ƙarƙashin matsi, zai iya feso maka a fuska.

Tambaya uku ka haɗa a wasiƙarka, kuma dukkansu wuri ɗaya suka dogara: har yanzu ba ka san gaskiyar motarka ba, ba ka kuma san gaskiyar wadda ake tallata maka ba. Ta farko zato ake yi mata, ta biyu ɓoye maka ita ake yi. Mutum ba ya yanke shawara mai kyau tsakanin zato da ɓoyo.

Bari mu fara da taka. Ba zan zagi makanikenka ba, watakila mutumin kirki ne, amma yadda ya bi aikin nan ba hanya ba ce. Wata uku yana canza kaya ɗaya bayan ɗaya yana jiran ya ga wanda zai dace, kai kana biya. Cire tamostat kuwa garin gyaran gira ne a rasa ido. Wannan ɗan ƙarfen shi ke riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90. In babu shi, injin yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur, ka ga shan mai ya ƙaru. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma cikin injin, to in an cire shi sai wani ruwan ya riƙa zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ya huce ba. Wato an rufe alamar ciwo na sati biyu, ciwon na nan yana cin jiki.

Alamomin da ka faɗa, farin hayaƙi mai kauri da shanye ruwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba, sun yi kama da ƙonewar gaskit. Amma kama ba tabbas ba ce, kuma akwai gwaje-gwajen da ba sai an kwance ƙusa ko ɗaya daga kan injin ba. Ka nemi wani gareji na daban mai kayan awo, ka biya su kuɗin bincike kawai, ka gaya musu tun farko cewa ba gyara ka kawo ba. Su cire fulogi huɗun su auna ƙarfin matsin kowace silinda, su rubuta maka lambobin a takarda. A lafiyayyen injin lambobin kusa da juna suke, bambancin bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. In silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ya tsage a tsakaninsu. Ka dubi fulogin da idonka: wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa sun yi duhu, silindarsa ce ke shan ruwa. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin kwalba, in hayaƙin injin na shiga ruwan sanyaya sai ya rikiɗe ya koma rawaya. Su matsa iska a lagireto su ga ko matsin zai tsaya. Ka zaro sandar awon baƙin mai, in ka ga ya koma fari-fari mai kauri kamar an dama shi da ruwa, to ruwa ya riga ya isa ƙasa.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne a gano me ya fara kawo zafin. Gaskit ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba, wani abu ne ya gasa shi. Ko famfon ruwa ya gaji, ko lagireto ya toshe daga ciki, ko murfinsa ya daina riƙe matsi. Mutane suna raina murfin nan, alhali shi da ruwan sanyaya mai launi su ne ke sa ruwan ya haura digiri 120 bai tafasa ba. Wanda ke zuba tsurar ruwa shekara da shekaru yana tara tsatsa da ƙanzo a cikin injinsa. In aka sa sabon gaskit ba a kashe tushen ciwon ba, wata biyu ka dawo inda kake.

In bincike ya nuna ƙasan injin lafiya yake, ba ya ƙwanƙwasa, giya na shiga sumul, bodi bai ruɓe ba, to ni a ganina gyara ya fi. Kilomita 230,000 ba ƙarshen rayuwar injin da aka riƙa yi wa juye a kan kari ba ne. Shekara shida kana tare da motar nan, ka san abin da aka canza da abin da ba a canza ba, ka san ba ta taɓa nutsewa a ruwa ba, ka san takardunta. Wannan sanin dukiya ne da ba za ka same shi a motar da ke filin dillali ba. Sai dai gyaran ya zama na ƙa'ida. A kai kan injin wurin masu injin goga su ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe su auna karkacewarsa, domin a injina da yawa abin da aka yarda da shi bai wuce kashi 5 cikin ɗari na milimita ɗaya ba, abin da ido ba zai taɓa gani ba. A duba ko ya tsage. A sa gaskit na ainihi, ba mai araha ba. A ɗaure ƙusoshin da sifana mai awo, bi da bi yadda kamfanin ya tsara, ba da ƙarfin damtse da dogon bututu ba. Wasu ƙusoshin kan injin ma miƙewa suke yi in an ɗaure su, don haka sai an auna su ko a sa sababbi. A mayar da tamostat. A yi juye a canza matatar mai. Ka nemi a rubuta maka kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, kuma a ba ka tsofaffin kayan da aka cire a hannunka.

Kuɗin da ka riga ka kashe, ka cire shi daga lissafi. Ya tafi, ko ka gyara ko ka sayar ba zai dawo ba. Lissafin da ke gabanka shi ne: nawa gyaran ƙwarai zai ci, nawa motar za ta yi in ta warke, nawa za ta yi a yadda take, nawa cikon da ake nema a wurinka. Ma'aunin da nake bi shi ne, in gyara ya haura rabin darajar motar bayan ta warke, kuma ga wasu manyan gyare-gyare suna leƙowa, to lokacin rabuwa ya yi. In bai kai ba, gyara. Kuma kada ka manta, duk motar hannu da ka saya tana zuwa da nata kuɗin: juye, tayoyi, birki, batir, sauya takardu. Wanda ya zazzage aljihunsa kaf a ranar ciniki, kwana kaɗan zai fara cin bashi. In har ta kai ga sayen wani injin na hannu, kada ka karɓa sai da rubutacciyar yarjejeniyar mayarwa in ya ƙi, kuma a auna matsinsa da zarar an ɗora.

Sai shawarar abokinka. Ka ce ba ta kwanta maka ba, to ka saurari zuciyarka, ta fi shi gaskiya. Algus ne, ba shi da wani suna. Ka san hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ka kuma san wanda ya ce masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana aibi ana sa musu albarka, in suka ɓoye a shafe ta. Ka tsaya ka hango wanda zai sayi motar. Mai kuɗi ba ya sayen motar 2008. Wani mai iyali ne kamarka, wanda ya yi shekaru yana tari, zai ɗauko matarsa da 'ya'yansa ya hau doguwar hanya, injin ya buga masa a dokar daji da dare. Tsoron da kake ji game da dillalin nan, shi ake so ka ɗora wa wani. Ina roƙonka kada ka yi.

Ko ta fuskar dabara ma abin ba ya ɓoyuwa yadda abokinka ke zato. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motoci wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi baya a 2001 ga masu fetur, yanzu kusan kowace mota na da ita. Na'urar da ake soka wa a nan ba laifin da ke rubuce kaɗai take karantawa ba. In an goge laifi, kwamfutar motar tana nuna cewa gwaje-gwajen da take yi wa kanta ba su kammala ba, sai an yi tafiya ta kwanaki kafin su cika, kuma kafin su cika wutar takan dawo. Mai saye da ya san abin da yake yi zai gane an yi shara jiya. Maganin toshe yoyo kuwa ba ya zaɓen rami, yana iya toshe siraran hanyoyin lagireto ya ƙara zafin.

Akwai wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, da ya yi nazarin kasuwar motocin hannu a 1970, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, tunda mai sayarwa ya san motarsa mai saye bai sani ba, mai saye yakan ɗauka kowace mota mai ciwo ce, ya taya ta da arha. Sai masu motocin kirki su ƙi fitowa da nasu, kasuwa ta cika da gurgu da makaho. Darasin da ke ciki gare ka a matsayin mai sayarwa shi ne, abin da ke ɗaga farashi shaida ce. In ka yanke shawarar sayarwa a yadda take, ka ɗauki takardar gwajin nan da rasiɗan duk abin da ka canza, ka ce wa mai saye: gaskit ya ƙone, ga awon silindoji, giya lafiya, fanka sabuwa, ba ta taɓa haɗari ba. Akwai masu neman irin wannan motar da gangan, musamman makanikai da ke gyarawa da hannunsu. Za ka sami ƙasa da abin da algus zai ba ka, ba zan yi maka ƙarya ba, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, babu wanda zai zo ƙofar gidanka da rigima. Ku rubuta aibin a takardar ciniki, shaidu su sa hannu, ka riƙe kwafi, kuma ka tabbata an sauya sunan mai mota a hukumance, don kada a yi ɓarna da ita a zo neman ka.

Yanzu ga 'yar ƙyalƙyalin 2012. Ban gan ta ba, ba zan rantse cewa mai ciwo ce ba, amma duk abin da ka faɗa a kanta ya tayar mini da hankali. "Wani ma yana so" tsohuwar magana ce, an yi ta ne don ta hana ka tunani. Hana ka kawo makanike shi kaɗai ya isa ka juya. Mai kaya nagari murna yake a duba kayansa.

Maganar samun ta a kunne kullum, a nan zan daɗe. Injin da ya kwana shi ke faɗin gaskiya. Ka ce za ka zo da sassafe, kada kowa ya taɓa ta. Da ka isa, buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan injin, in da ɗumi ka ce sai gobe. In da sanyi, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar. Ka ƙirga su: ta injin, ta baƙin mai, ta batir, ta jakar iska, ta birkin ABS. Dole kowacce ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, an kashe ta ne don kada ta yi magana. Sai ka sa wani ya tayar, kai kana tsaye a baya wajen salansa, kunnenka na gaba. Shuɗin hayaƙi, injin na ƙona baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi masa yawa. Fari mai kauri da ba ya bajewa, ka riga ka san shi a gidanka. Ɗan tururi da safe mai watsewa nan da nan ba komai ba ne. Ƙarar kacau-kacau a daƙiƙun farko takan nuna sarƙar taimin ta saki, ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa kuwa sallama ce. Wasu daga cikin waɗannan suna lafawa in injin ya yi zafi, shi ya sa ake ɗumama maka ita kafin ka zo.

Mil 78,000 kuma, wato wajen kilomita 125,000, a motar da ta haura shekara goma. A Amurka mota takan yi kimanin mil 12,000 a shekara, ka yi lissafin da kanka. Yana yiwuwa ta wani dattijo ce da ba ya fita, amma mayar da mita baya a motocin zamani aikin 'yan mintoci ne da kwamfuta. Jiki ba ya ƙarya irin ta mita: dubi robar fedar birki, fatar sitiyari, gefen kujerar direba inda ake zamewa a fita. In sun cinye, tafiyar ta fi abin da aka rubuta.

Makaminka mafi ƙarfi lambar shasi ce. Tun 1981 aka daidaita ta a kan harufa da lambobi 17, babu I, babu O, babu Q a ciki. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa, tana cikin takardun mota. Dole su zama iri ɗaya harafi da harafi. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, W Jamus, K Koriya, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin kasuwar Amurka na goma shi ne shekara: A 2010, B 2011, C 2012. In ka ga 8 ko 9 a wurin, tsohuwa ce aka sauya wa fitilu da bamba. Ka rubuta lambar a intanet haka kawai, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjon kamfanonin inshora irin su Copart sukan fito, ka gan ta yadda take kafin fanalbita ya taɓa ta. Ka sayi rahoton tarihin motar na Carfax ko AutoCheck da kanka, kada ka karɓi wanda dillali ya buga maka. Zai nuna mil ɗin da aka rubuta a lokuta daban-daban, da ko inshora ta taɓa yanke cewa motar ta tashi daga aiki. Abin da aka kai rahoto kaɗai yake ɗauke da shi, don haka tsabtarsa ba ta maye gurbin ido. A shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, kyauta za ka ga ko kamfanin ya kira a kawo motar a gyara wani aibi ba a yi ba. Wannan ba wasa ba ne ga motocin shekarun nan, saboda jakunkunan iska na kamfanin Takata, kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, da aka yi wa kiranye. Sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima, ya fashe ya watsa ƙarfe a fuskar direba. Mutane sun mutu, kamfanin ya durƙushe a 2017.

Sabon kafet da ƙamshi su suka fi damuna. Guguwar Harvey da ta afka wa Texas a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma kusan kowace shekara ana samun ambaliya a wani yanki. Irin waɗannan motocin ana busar da su, a wanke, su bazu duniya. Na taɓa raka wani ɗan'uwa duba wata mota, kyakkyawa kamar ka lashe. Har ya fara maganar kuɗi. Na zauna a baya na jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga wani layi ruwan ƙasa ya ratsa shi, sama da layin fes, ƙasa da shi dabbare-dabbare. Muka ɗaga safaya a but, busasshen taɓo ya kwanta a lungunan ramin, yana murmushewa a yatsa kamar gari. Na haska tocila ƙarƙashin kujerar direba, ƙusoshin dogon da take gudu a kai duk sun yi ja da tsatsa. Wanda ya wanke motar ya wanke inda ido ke kaiwa ne kawai. Motar ruwa tana iya yin wata shida lafiya, sannan wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki: yau gilashi, gobe giya, jibi ta mutu a tsakiyar titi, kuma babu mai gyaran lantarkin da zai ce maka ga ƙarshen abin.

Sauran dubawa makanikenka na amana zai yi, wanda kai ka biya shi, ba wanda ke da la'ada a cinikin ba. Da rana tsaka, ba da magariba ba, ba a jiƙe ba. A bi tazarar ƙofofi da bonet a ga ko ta daidaita hagu da dama, a bi bodin ƙarfe da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ciko aka yi. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna faɗin sati da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, kuma tayar da ta cinye gefe ɗaya tana ba da labarin ƙafafun motar. Batir ya nuna wajen volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 a kunne. A hau da ita rami a duba ƙasa, walda a jikin shasi ba abin sasantawa ba ne. A tambaya ko injin bel ɗin taimin gare shi ko sarƙa, don bel yana da wa'adi, galibi tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, kuma in ya tsinke a injina da yawa fistin ne zai daki bawul. Sannan ka tuƙa ta da kanka aƙalla rabin awa, rediyo a kashe, a gargada da kan babban titi, ka ji shigar kowace giya, ka taka birki da ƙarfi, ka karya sitiyari har ƙarshe ka saurari ƙas-ƙas, ka tsaya da na'urar sanyaya a kunne idonka na kan allurar zafi. Sunan da ke takardu ya dace da katin shaidar mai sayarwa, takardar kwastan ta zama ta gaske, a tabbatar a wurin hukuma cewa ba ta sata ba ce kuma babu bashi a kanta.

Batun ba da taka ka yi ciko, ka raba cinikin biyu. In an haɗa su, dillali na iya ɗaga kuɗin taka don ka ji daɗi, ya ninka a kan tasa, ba za ka taɓa sanin nawa ka sayar nawa ka saya ba. Ka fara tambayar kuɗin tasa kamar ba ka da mota. Shi ma in za ka ba shi taka, ka gaya masa aibinta a rubuce. Kafin alƙalami kuwa ba a ba da shi sai bayan dubawa, kuma da rubutun cewa za a mayar in takardu suka ƙi. In ya ce Juma'a ko a fasa, a fasa. Motocin hannu ba sa ƙarewa, kuma tsugune ba ta ƙare ba in ka sayar da kare ka sayi biri.

Gobe ka sa a jawo motarka zuwa garejin da za a yi awon, kada ka tuƙa ta. Ka tura wa dillalin saƙo ya aiko maka da hoton lambar shasi, ka ga ko zai aiko. Kwanakin nan ka nemi wanda za ku riƙa haɗa hanya wajen kai yara, ka kuma zauna da maiɗakinka ka nuna mata lissafin, don kuɗin gidan ne gaba ɗaya. In lambobin silinda huɗun sun fito, ka rubuto mini su tare da abin da aka ce gyaran zai ci, mu sake dubawa tare. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.